Gyaran ƙafar Peugeot 406 wagon don rage karkata a kwana: abin da ya yi amfani da abin da ya zo da wahala

Motar da nake hawa Peugeot 406 ce mai dogon baya, wadda aka fi sani da wagon, kuma ita ce ke ɗaukar iyalina da kayanmu tsakanin Jos da Abuja, wani lokaci har Bauci. An fito da 406 a shekarar 1995, mai dogon bayan ta biyo a 1996, aka kuma daina ƙera ta a Faransa a 2004. Saboda haka duk 406 da ke kan titi a yau ta kwana biyu, ko ta shigo ta Kwatano ko tana cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Peugeot ta PAN da ke Kakuri a Kaduna. Injin tawa lafiyarsa ƙalau, giya ma haka. Abin da ya dame ni shi ne yadda jikinta ya riƙa kwanciya a kwana, musamman idan an cika kujeru an kuma loda but, har ta kai ina jin tsoron gangaren Hawan Kibo, inda hanya ke saukowa daga tsaunukan Filato zuwa wajen Akwanga da kwana a kan kwana.

Matsalar iri biyu ce, kuma rarrabe su ya taimake ni ƙwarai wajen sanin abin da zan saya. Ta farko ita ce yawan karkatar da jikin motar ke yi zuwa waje muddin ana cikin kwana, kamar a babban shataletale. Ta biyu ita ce tangaɗin da ke biyo baya, wato idan aka miƙe sitiyari sai jikin ya komo, ya zarce zuwa ɗaya gefen, ya sake komowa kafin ya natsu. Wannan ta biyun ce ke tayar wa yara zuciya a kujerar baya, ita ce kuma ke sa direba ya riƙa gyara sitiyari ba gaira ba dalili bayan ya kauce wa rami.

Dalilin karkatar ba ɓoyayye ba ne. Cibiyar nauyin mota tana sama da inda ƙafafunta ke riƙe da jiki, don haka idan aka shiga kwana nauyin yakan rinjaya waje, ya danne sifirin na gefen waje, ya sassauta na ciki. Ƙarfin da ke tura motar waje ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, yana wuce shi nesa: idan aka ninka gudu sau biyu a kwana guda, ƙarfin ya ninka sau huɗu, kuma tashi daga kilomita 40 zuwa 60 a awa ya isa ya ninka shi fiye da sau biyu. Wagon tana da nata ƙarin nauyin, domin rufinta ya miƙe har ƙarshe, da gilasai da ƙofar baya, sannan mu masu ita mukan tara kaya har rufi, wasu ma su ɗora a kan kariyar da ke saman rufin. Duk abin da aka ɗora a sama yana ɗaga cibiyar nauyi, kamar yadda mai ɗauke da tulu a ka ba ya iya juyawa da sauri irin na mai riƙe da shi a hannu.

Na kai ta wurin wani bakanike da ya ƙware a aikin ƙafa, da niyyar in sa a canza mini sandar sitabilaiza, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu, zuwa mai kauri, domin ita ce aka fi ambata idan ana maganar karkata. Da ya ɗaga motar ya cire tayoyi sai ya ce, "Alhaji, zo ka gani da idonka kafin mu yi maganar sabon ƙarfe." Ya kama linkej na gaban dama, wato siririn ƙarfen da ke haɗa bakin sandar da ƙafa, ya girgiza shi da yatsu biyu, sai ga shi yana ƙas-ƙas. Robar da ke rufe kansa ta yage, jar ƙasa ta cika gurbin da giris ya kamata ya zauna. Bushin, wato zoben roba, da ke riƙe sandar a jikin mota kuwa raminsa ya buɗe ya zama kamar ƙwai, wurin da sandar ke gogar sa ya yi sumul yana sheƙi. Ma'anar wannan ita ce jikin motar yakan fara karkata tun kafin sandar ta soma aiki, domin sai an cinye wannan giɓin tukuna. Da aka ciro shakazoba na baya, wato bututun mai da ke hana jikin mota lilo, ya danna ɗaya da tafin hannu ta shige ba tare da wata turjiya ba, jikinta kuma ya yi damshi da mai ya kama ƙura.

A kan haka muka raba aikin gida biyu, kuma wannan ita ce shawarar da ta fi kowace amfani a cikin hidimar baki ɗaya. Kashi na farko shi ne mayar da ƙafar yadda aka ƙera ta: shakazoba huɗu sababbi, linkej gaba da baya, bushin sandar, da bushin hannayen ƙafar baya da suka tsattsage. Ƙafar bayan 406 mai hannaye da yawa ce, kowane da nasa bushin, shi ya sa take da daɗin tafiya idan tana da lafiya, shi ya sa kuma lalacewar roba ɗaya kan sa bayan ya riƙa yawo. Shakazoban da na zaɓa na kamfanin KYB ne na Japan, samfurin Excel-G, masu mai da iskar naitirojin a ciki. Amfanin iskar shi ne hana man yin kumfa idan ya ɗauki zafi a doguwar tafiya, domin da zarar ya yi kumfa ƙarfin riƙon shakazoba yakan ragu.

Sakamakon wannan kashi ya ba ni mamaki. Tangaɗin nan ya ɓace ɗungum. Motar ta koma tana shiga kwana ta zauna sau ɗaya, ta fita ta miƙe sau ɗaya, kuma idan babbar mota ta gifta da iskarta ba na jin bayan yana lilo. KYB ɗin ba su sa tafiya ta yi tauri ba, sun dai ɗaure ta, kuma bayan watanni ana bin hanyar da ba ta rasa ramuka, babu wadda ta yi yoyo ko ta fara ƙara. Sai dai ya kamata mai karatu ya san iyakar aikinsu. Shakazoba tana rage saurin da jiki ke karkata ne, ba ta rage iyakar da zai kai idan kwanar ta yi tsawo. A doguwar kwana motar ta ci gaba da kwanciya fiye da yadda nake so idan tana da lodi, domin wannan aikin sifirin ne da sandar sitabilaiza. Wanda ya sayi shakazoba masu tsada yana jiran su hana kwanciya gaba ɗaya zai ga kamar an cuce shi, alhali kayan sun yi abin da aka yi su dominsa.

Akwai abubuwa biyu a wurin ɗaurawa da nake ganin sun cancanci a tsaya a kansu. Ba a canza shakazoba ɗaya a bar 'yar uwarta, sai dai biyun gaba tare ko biyun baya tare, in ba haka ba motar za ta riƙa hali ɗaya a kwanar dama, wani halin a ta hagu. Na biyu kuma, bakaniken bai ƙarasa ɗaure kusoshin bushin hannaye ba sai da nauyin motar ya sauka a kan ƙafafunta. Idan aka ɗaure su tam tana rataye a kan jak, robar za ta zauna a murɗe da zarar an sauke ta, kuma ba za ta yi ƙarko ba. Wurare da yawa ba sa kula da wannan, daga baya a ɗora laifin a kan kayan. Ban sayi shakazoba na hannu ba, waɗanda ake kira Beljiyam, duk da sauƙin kuɗinsu, saboda babu yadda za a san tafiyar da suka riga suka yi.

Kashi na biyu shi ne sanduna masu kauri, waɗanda na sa aka kawo mini daga waje tare da bushinsu na roba mai tauri da ake kira foliyuritan. Sandar sitabilaiza ƙarfe ne da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, juyawa kawai take yi a cikin bushinta ba ta hana komai, amma idan gefe ɗaya ya danne ɗayan ya ɗaga, dole ta murɗe, kuma turjiyar da take yi wa murɗewar ita ce ke riƙe jikin motar. Abin lura shi ne ƙaramin ƙari a kauri yana kawo babban ƙari a tauri. Sandar da ta tashi daga milimita 20 zuwa 22 taurinta ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin ɗari, wadda ta kai 24 kuwa ta ninka ta 20 sau biyu har da ɗoriya. Wannan lissafin ne ya sa na tsaya a ƙarin milimita 2, kuma na yi shi gaba da baya tare.

Yin su tare ba kwalliya ba ce, batun tsaro ne. Sandar ba ta rage jimillar nauyin da ke komawa tayoyin waje, tana dai sauya rabonsa tsakanin gaba da baya. Idan aka ƙara taurin gaba kaɗai, motar za ta riƙa ƙin juyawa, hancinta ya nufi waje. Idan aka ƙara na baya kaɗai, bayan ne zai fi saurin sulɓewa, musamman a jiƙaƙƙen titi ko idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, kuma wannan ya fi wuyar gyarawa ga wanda bai saba ba. Motar da ke ɗauke da iyali a damina ba wurin gwada irin wannan ba ce.

Bayan an ɗaura sandunan aka yi alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, bambancin ya fito fili. A gangaren Hawan Kibo, da mutum biyar da kaya a but, motar ta riƙa bin kwana a miƙe, sitiyari yana amsawa nan take ba tare da jiran jiki ya gama jingina ba. Mahaifiyata, wadda a da takan kama mariƙin da ke saman ƙofa tun daga farkon gangaren har ƙarshensa, ta zauna hannuwanta a cinya tana jan carbi. Ta wannan fuskar kuɗin bai tafi a banza ba.

Amma akwai abin da aka biya da shi, kuma ba ƙarami ba ne. Tunda sandar ta ƙara ɗaure dama da hagu, duk ramin da taya ɗaya ta faɗa sai ɗaya gefen ya ji shi. A kan kwalta mai kyau ba a lura, amma a layin unguwa da ruwa ya zaizaye, ko hanyar ƙauye mai gargada, kawunan fasinjoji sukan riƙa kaɗawa dama da hagu fiye da da. Laushin tafiyar da aka san 406 da shi ya ragu, ko da yake bai tafi duka ba. Bushin foliyuritan ɗin kuma sun zo da nasu ciwon kan. Suna buƙatar giris na musamman mai silikon, kuma da hunturu ya shigo ƙura ta shanye giris ɗin, sai suka fara ƙiiƙii a kan kowane tudun rage gudu, da safe musamman. An kwance an wanke an sake shafawa, ƙarar ta ɗauke, amma a bayyane yake cewa hidima ce da za ta riƙa dawowa. A ƙasa mai ƙura irin tamu ban ga ribar da ta kai wannan wahalar ba.

An ba ni shawarar sa gajerun sifirin da ke sauke mota da kamar milimita 30 zuwa 40, kuma gaskiya ne suna rage karkata, domin sun fi tauri kuma suna sauke cibiyar nauyi. Na ƙi, saboda wagon mai lodi tana gogar ƙasa da salansa a wasu tudun ko da tsayinta na asali. Haka kuma na ƙi akasin wannan, wato cusa guntun roba a tsakanin zoben sifirin ko ɗauko sifirin babbar mota don a ɗaga baya, kamar yadda ake yi wa motocin haya. Yana hana baya zama idan an yi lodi, amma yana ɗaga nauyi sama ya kuma ɓata daidaiton ƙafa. Mafi muni shi ne cire linkej gaba ɗaya don a huta da ƙararsa, abin da na sha gani a gareji, domin motar da aka yi wa haka ba ta da sitabilaiza kwata-kwata ko da sandar tana nan a maƙale.

Taya ma tana da hannu a cikin lamarin. Tawa mai lambar girma 195/65 R15 ce, kuma idan iskarta ta yi ƙasa gefenta yakan lanƙwashe a kwana, direba ya ɗauka ƙafa ce ta lalace. Ina bin adadin iskar da aka rubuta a takardar da ke jikin ƙofa, wadda ta bambanta mota mai lodi da marar lodi, maimakon abin da mai faci ya saba bugawa kowa. Kaya masu nauyi kuma a ƙasan but nake sa su, a jingine da bayan kujera.

Wani abu da nake ganin wajibi ne a faɗa shi ne raguwar karkata tana iya yaudarar direba. Kwanciyar da mota ke yi gargaɗi ce cewa gudu ya yi yawa, kuma idan ta ragu sai mutum ya ji kamar akwai sauran dama, alhali riƙon da taya ke yi wa kwalta bai ƙaru da yawa ba. Ƙa'idar hanya a Najeriya ta kayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, kuma sabuwar sanda ba ta sauya ko ɗaya daga ciki ba.

Ta fuskar kuɗi, shakazoban ne suka ci kaso mafi girma, sandunan suka biyo baya saboda kuɗin kawowa, linkej da bushin roba kuwa ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da aikin da suka yi. A ƙiyasina, mafi yawan gyaruwar da na samu ta fito ne daga kashi na farko. Wanda yawancin tafiyarsa a cikin gari ce ko a hanyar da ba kwalta, ya tsaya a nan ya isa. Wanda ke yawan bin hanyar tsaunuka da lodi, kamar ni, zai amfana da sanduna masu ɗan kauri, matuƙar ya yi gaba da baya tare kuma bai zarce ƙarin milimita 2 ba. Ni dai sandunan za su zauna, amma bushin foliyuritan ɗin zan cire su idan aka zo sabis na gaba, kuma na riga na ba da awon kaurin sandar domin a nemo mini na roba da suka yi daidai da ita.