Baho, sanda ko faifan fizo: wace na'urar altrasawun ta dace da aikin maikurojel?

Duk wanda zai yi bincike kan maikurojel, wato ƙananan ƙwayoyi masu laushi da aka yi da folima (sinadari mai dogayen sarƙoƙi, irin na roba), kamar na folimar da ake kira PNIPAM, a mahaɗar ruwa da mai ko ruwa da iska, kafin ya duba yawan wat ɗin da aka rubuta a jikin na'urar altrasawun (mai fitar da sautin da ya wuce jin kunnen mutum), ya fara tunanin yadda zai yi da zafi. Ƙwayoyin nan suna kumbura da ruwa idan da sanyi, amma da zarar zafi ya haura kusan digiri 32 a ma'aunin Salshiyas sai su tsuke su fitar da ruwan. A mahaɗa kuwa bajewa suke yi kamar soyayyen ƙwai, tsakiya da tudu, gefe a shimfiɗe. Na'urar da ta ɗumama samfurinka ta riga ta taɓa abin da kake aunawa, kai kuma ka ɗora wa sauti alhaki.

Baho, wato na'ura mai kwanon ruwa da sautin ke ratsawa, shi ne mafi araha, galibi yana aiki tsakanin kilohaz 35 zuwa 45 (kilohaz ɗaya girgiza dubu ne a sakan). Samfur yana cikin kwalba a rufe, babu ƙarfen da ke taɓa shi. Aibinsa, ƙarfin sautin ba ɗaya ba ne a ko'ina. A kilohaz 40, tsawon zangon sauti cikin ruwa kusan santimita 3.7 ne, don haka wuraren da ƙarfi ya taru suna jere da tazarar da ba ta kai santimita 2 ba. Gusar da kwalba kaɗan, sakamako ya canza. Kafin ka biya, tsoma fallen alminiyam a ruwan na ɗan lokaci: inda ya huhhuje, nan ƙarfin yake; inda ya fito sumul, babu abin kirki. Nemi bahon da ke jujjuya mitar sautinsa, wanda kuma za a iya zagaya masa ruwan sanyi.

Mai sanda kuma, wanda ake tsoma sandarsa ta ƙarfe kai tsaye cikin samfur, a kilohaz 20, ƙarfinsa ba wasa ba ne. Idan burinka ka gauraya mai da ruwa su zama ƙananan ɗigo da maikurojel ya lulluɓe, shi ne gwani. Sai dai ƙananan kumfar da ke tasowa suna fashewa a bakin sandar na iya tsinka sarƙoƙin folima, bakin taitaniyam ɗin kuma yana zaizayewa ya zubar da ɓurɓushi cikin samfur. Shimfiɗaɗɗiyar mahaɗa kuwa, nan take yake wargaza ta. In ka saya, haɗa da akwatin rage ƙara, ka tabbatar yana da tsarin kunna da kashe kansa a jere, ka kuma dasa kwalbar cikin ƙanƙara.

Ni dai, ga mai son ya ga abin da sauti ke yi wa ƙwayoyin alhali suna nan a mahaɗa, faifan fizo, wato faifan da ke girgiza idan an ba shi lantarki, mai aiki a megahaz (kilohaz dubu) nake ba shawara. Fashewar kumfa ba ta da tsanani a can, kuma kai ke saita mita da ƙarfi da kanka. Wahalarsa, sai ka sayi na'urar samar da sigina da amfilifaya mai ƙara wa siginar ƙarfi daban, ka kuma haɗa su da hannunka.

Ko wanne ka ɗauka, auna ainihin ƙarfinsa: zuba ruwa mai sanannen nauyi, kunna, ka lura da digiri nawa ya ƙaru. Ninka giram ɗin ruwan da 4.18 da ƙarin zafin, ka raba da yawan sakan ɗin da aka ɗauka; amsar a wat take. Wannan adadin za ka rubuta a rahotonka.