Abin da na gani a tashar jirgin ruwan Jidda

Mutanen Gombe ina gaisuwa, ya ruwa ya gona. Wallahi satin nan na ga abin da ya tsaya min a rai. Maigidana ne ya ce in bi direba mu ɗauko kwantenar tayil a tashar jirgin ruwa, ni kuwa har da tabarmata da buta na shirya kwanan waje, don na san irin wuyar da Kawu ke sha in kayansa sun sauka a gida. Ashe an gama komai ta waya, kuɗin kwastan, takardu, har lokacin da motarka za ta shiga an rubuta maka. Mun shiga bayan azahar, kafin magariba kwantena na bayan tirela. Ba wanda ya ce a ba shi na goro, ba ɗan kamasho, ba mai sanda da ya tare hanya.

Kuma fa tashar nan ba ta yau ba ce. Sayyidina Usman ne ya mai da Jidda mashigar Makka a shekara ta 26 bayan hijira, da can Shu'aiba ake sauka. Da aka buɗe mashigin Suez a 1869 jiragen Turai suka yi ta biyowa Bahar Maliya. Kakanninmu da suka tako da ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru suna noma a hanya, daga Sawakin da ke gaɓar tekun Sudan suke shiga jirgi su sauka nan. Har yau ta nan ragunan Sudan da Somaliya ke shigowa gab da Hajji, ka ga jirgi guda hawa-hawa ba komai ciki sai tumaki, wari kam sai ka toshe hanci.

Mu kuwa dogon da ya iso Gombe a 1963 yana kwasar auduga da gyaɗa zuwa bakin teku mun bar shi ciyawa ta cinye, sai tirela, kowane shinge a miƙa hannu, kuma mu ne masu miƙawar tun ba a tambaya ba, sannan mu zo kasuwa muna kukan tsada.

Kar ku ɗauka aljanna ce. A bakin get sai da aka juya iƙamata, wato katin izinin zamana a Saudiyya, gaba da baya kamar ta sata, ga zufa ko wanka ka yi a banza. Kajin Brazil ɗin da jiragen ke saukewa kuwa, ƙanƙara zalla, ba su kama ƙafar zakaran gida ba. Don Allah duk mai zuwa Umara ya taho min da daddawa da yajin ƙuli, nawa ya ƙare tun azumi.