Gangaren alminiyam mai ninkewa na keken guragu: matakala ɗaya ce iyakarsa

Gangaren da ake magana a kansa shi ne mai tsawon ƙafa 6, wato santimita 183, wanda ake ninkewa gida biyu a ɗauka a hannu kamar akwati. Kamfanoni da yawa na ƙera shi, kuma fasalin kusan ɗaya ne: faɗi wajen santimita 75, ɗan katanga mai tsayin santimita 5 a kowane gefe don kada taya ta fita, leɓe a sama da ke kwanciya kan matakala, sai shimfiɗa mai kaushi da ke hana santsi. Akasari a kan rubuta cewa yana ɗaukar kilo 270 ko fiye.

Ta fuskar ƙarfi ba shi da laifi. Ba ya tsatsa, kuma mutum ɗaya na iya shimfiɗa shi cikin minti guda. Inda ake yin kuskure shi ne tsawo, domin mai saye yakan duba nauyin da yake ɗauka ya manta da tsayin da za a hau.

Ƙa'idojin gini na shekarar 2010 da ke ƙarƙashin dokar kare haƙƙin nakasassu ta Amurka, wadda aka sa wa hannu a 1990, sun ce gangare kada ya wuce 1 cikin 12. Ma'ana, duk santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. A raba 183 da 12, abin da zai fito 15 ne da ɗoriya. Ke nan gangaren ya cika wannan ƙa'ida ne kawai a kan matakala ɗaya da ba ta wuce santimita 15 ba. Matakala biyu masu santimita 17 kowace, jimilla 34, suna buƙatar gangare mai tsawon fiye da mita 4.

Bambancin ba a takarda kawai yake ba, a kafaɗa ake jin sa. Mutum da kekensa masu nauyin kilo 90, a kan 1 cikin 12, abin da ke jan su baya bai wuce kwatankwacin kilo 7 da rabi ba. A ɗora gangaren nan kan matakala biyun can, sai jan ya kai kusan kilo 17, kuma nauyi ya koma kan tayoyin baya. Da mai keken ya yunƙura ya tura da ƙarfi, ƙananan tayoyin gaba sai su ɗaga, daga nan kuwa kifewa ta baya ba ta da nisa. A ƙasa kuma, wurin ɗora ƙafa ne ke fara tokarar alminiyam ɗin kafin taya ta iso, ka ji ƙarar karce, keken ya cije. Wasu masu sayarwa na cewa 1 cikin 6 ya wadatar. Wannan lissafi na wanda ke da ƙaƙƙarfan mai tura shi ne, ba na mai tuƙa kansa ba, kuma ko da mai turawar, saukowa da baya ake yi, mataimakin yana ƙasa yana tare keken.

Faɗin ma bai kai ba. Ƙa'idar ta nemi santimita 91 da rabi a sarari, shi kuwa 75 ne, kuma katangun gefe sun ci wani abu daga ciki. Keken hannu mai faɗin santimita 65 zai wuce, amma ratar da ta rage a kowane gefe ba ta kai tafin hannu ba, har ƙarfen da ake murza taya da shi kan goge katangar. Mai keken lantarki ya auna daga wajen taya zuwa wajen taya tun kafin ya biya kuɗi, ya kuma haɗa nauyinsa da na keken, wanda shi kaɗai yakan haura kilo 100.

Leɓen sama shi ne rayuwar abin. Dole ya kwanta gaba ɗaya a kan matakala, ba rabi ba. In bakin matakalar ya farfashe ko yana da lanƙwasa, gangaren kan ja baya kaɗan-kaɗan duk lokacin da taya ta dake shi, har ya suɓuce. Shi ya sa wasu ke zuwa da ramuka biyu a leɓen: a huda siminti daidai ramukan, a zura ƙusoshin da aka haɗo da shi, a cire in an gama. Wanda ba shi da ramukan, gara a bar shi.

Sai batun ƙofa, wanda takardar bayanin kayan ba ta cika taɓo shi ba. Ƙa'ida ta tanadi fili shimfiɗaɗɗe mai tsawon santimita 152 da rabi a sama da ƙasan kowane gangare. In gangaren ya ƙare a bakin ƙofa, mai keken zai tsaya ne a kan karkata, hannu ɗaya a taya, ɗaya yana laluben mariƙi. In kuma ta waje ƙofar take buɗewa, katangar gefen za ta tare ta, ba za ta ma buɗu ba. A nan gangaren bai magance komai ba sai da wani a ciki da zai riƙe ƙofa.

Mahaɗar tsakiya na tara yashi, ta riƙa ƙin kwanciya daidai, don haka a riƙa share ta. Tana kuma matse yatsa wajen ninkewa. Keke mai taya uku ya yi hattara, tayarsa ta gaba kan layin mahaɗar take bi. Shimfiɗar kaushin da aka manna da gam takan fara ɓarewa daga gefe bayan ruwa da rana sun dake ta. Wanda aka zana wa kurji a jikin ƙarfen ya fi daɗewa. Babu kuma ƙarfen dafawa, alhali ƙa'idar na buƙatar sa a ɓangarori biyu da zarar tsayi ya haura santimita 15, saboda haka mai sanda ko tsoho mai jiri bai samu wurin kamawa ba.

Ga mai ziyara, ko gidan haya da ba a yarda a yi gini ba, ko matakala ɗaya gajeriya, ya cancanci saye. Ga shago, asibiti ko makaranta da ke son a ce ƙofarsu ta buɗe ga kowa, bai isa ba, gangaren dindindin suke buƙata. Kafin saye, a sa tef a auna tsayi daga ƙasa zuwa saman matakala ta ƙarshe, a ninka sau 12, sannan a duba ko akwai fili a ƙasa da zai ɗauki wannan tsawon har da ƙarin mita ɗaya da rabi na juyawa.