Scotts Bluff ko Badlands: ina za a kai Hajiya da yara?

Malam, ka ce kuna Denver, Asabar da Lahadi kaɗai gare ku, ga yara uku ga Hajiya da ta zo ganin jikoki, kuma ka rasa inda za ka nufa tsakanin duwatsun yammacin Nebraska da Badlands na Dakota ta Kudu. Na taka ƙafa a duka biyun, bari in faɗa maka yadda suke.

Fara da hanya, don ita ce za ta ci rabin hutun. Daga Denver zuwa Scotts Bluff, babban dutsen da ke yammacin Nebraska, awa uku ne da ɗoriya. Badlands kuwa sai ka haura awa shida a mota, zuwa kawai. Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya da yara a bayan mota ya san abin da hakan ke nufi.

In kallo kake so, Badlands ta fi, ba ma kusa ba. Kana tafe cikin ciyawa shimfiɗe iya ganinka, kwatsam sai ƙasa ta tsage, ga tsaunuka masu tsini da kwazazzabai, launi bisa launi, ja da toka-toka da ruwan ɗorawa. Ruwa da iska na cinye su kusan santimita biyu da rabi duk shekara. Mutanen Lakota, 'yan asalin yankin, su ne suka raɗa wa wurin "mako sica", wato muguwar ƙasa, kuma a 1978 aka mai da shi gandun ƙasa. Titi mai lamba 240 ya ratsa ciki, kana iya kallon kusan komai daga mota. Yara za su ga ɓaunan Amurka, da tumakin dutse masu murɗaɗɗen ƙaho, da wasu 'yan dabbobi kamar kurege da ke tsayawa bakin rami suna tsuwa. Amma hanyar ƙafar da aka fi yabo, Notch, sai an hau wani tsani na gungumen itace da igiyar ƙarfe a jikin gangare. Ni da ƙarfina sai da gwiwa ta yi rawa wajen saukowa. Hajiya ba za ta hau ba, ƙaramin yaro ma kar a gwada.

Nebraska ba ta da wannan ban mamaki. Abin da take da shi labari ne, kuma a wurina ya fi zama a rai. Tsakanin 1843 da 1869 mutane fiye da 250,000 suka bi ta gindin Scotts Bluff, ayari bayan ayari, wasu Oregon suka nufa neman gona, wasu Kalifoniya neman zinariya, 'yan ɗariƙar Mormon kuma Utah. Tafiya ce ta sama da kilomita 3,000, wata huɗu zuwa shida. Ba sa tashi daga Missouri sai ciyawa ta fito, don shanun da ke jan amalanke su sami abin ci. Amalanken kaya ke ɗauka, mutane a ƙasa suke tafiya. Babu itace a wannan sarari, da busasshen kashin ɓauna suke girki. Kwalara ta kashe da yawa a bakin kogin Platte, a binne mutum a gefen hanya ayari ya wuce. Layin dogo da aka gama a 1869 shi ya kashe hanyar.

Abin da ya fi taɓa ni ɗan ƙarami ne. Bayan ofishin baƙi na Scotts Bluff akwai amalanku masu rumfar farin ƙyalle da aka ajiye, daga nan hanya ta shiga mashigin Mitchell, wanda ayari suka fara bi sosai daga 1851. Wurin matsattse ne, dole amalanku su bi layi ɗaya, har ƙafafunsu suka ƙwaƙule ƙasa ta zama kwari. Cikin kwarin nan za ku taka. Hajiya, da ta san labarin fatake da madugai, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Ka kuma gaya wa yara cewa ƙasar nan da masu ita kafin ayarin: Lakota da Cheyenne, waɗanda wannan kwararar baƙi ta ƙare da raba su da makiyayarsu da ɓaunansu.

Dutsen kansa ya kai tsayin mita 240 sama da kogin, kuma ga inda ya dace da ku: mota na hawa har ƙololuwa, ta titin kilomita biyu da rabi da aka yi a shekarun 1930, yana huda dutsen sau uku. Masu ƙarfi su hau da ƙafa ta hanyar Saddle Rock, Hajiya ta same su a sama.

Rabin awa gabas, kusa da garin Bayard, ga Chimney Rock, tsinin dutse ɗaya tilo kamar hasumiya a fili. Shi matafiyan suka fi ambata a rubuce-rubucensu, don tun daga nesa suke hango shi, su yi ta tafiya bai matso ba. Shi ne a bayan kwabon senti 25 na Nebraska na 2006. Gaskiya dai awa ɗaya ta ishe shi.

Ni da ni ne, Nebraska zan kai su wannan karon, in bar Badlands sai an sami kwana huɗu a haɗa da tsaunukan Black Hills. Ku cika kula da abinci daga gida, ku riƙi ruwa da yawa, da rigar sanyi ko da rani ne, don iskar saman dutsen ba ta wasa. Yara kuma kar su bar hanya su shiga ciyawa, akwai macizai masu kaɗa wutsiya a wuraren biyu.