Tukunyar fresha a Jos, wake ya daina cinye min gas

Masu ta tambaya kan tukunyar freshan nan mai dafa abinci da matsin tururi da na saya a wajen kasuwar Taminus ko ta ci kuɗinta, eh ta ci, musamman in a Jos kike zaune, don mu matsalarmu daban ce da ta mutanen Legas.

Garin nan a kan tudu yake, wajen mita 1,200 sama da teku, iskar da ke danne saman ruwan tukunya ba ta kai ta can ƙasa nauyi ba, shi ya sa ruwanmu ba ya jiran digiri 100, yana kaiwa wajen 96 sai ya hau tafasa. Kuma da ya tafasa shi ke nan zafinsa ya tsaya cak, ko kin ƙure wutar ba ya ƙaruwa, duk ƙarin wajen mayar da ruwan tururi yake tafiya. To kin ga waken da kike ta ƙara wa ruwa kina zuba kanwa kina tsine wa mai wake, wani lokacin bawan Allah ba laifinsa ba ne.

Ƙanina da ke karatun kimiyya shi ya zana min abin a bayan kwalin tukunyar, layin tsaye matsi ne, na kwance zafi, an raba filin gida uku, ƙanƙara, ruwa, tururi. Iyakar da ke tsakanin ruwa da tururi hawa take yi, in matsi ya ƙaru sai zafi ya ƙaru kafin ruwa ya yarda ya zama tururi. Aikin tukunyar kenan gaba ɗaya, murfi ya kulle gam da roba, tururi ya rasa hanyar fita ya danne ruwan, sai ya zauna a ruwansa har wajen digiri 115 zuwa 120, ya danganta da irin tukunyar. Wai ashe tun 1679 wani Bafaranshe Denis Papin ya ƙirƙiro ta, mu sai yanzu.

Wake kam ba a magana, rabin awa ya yi luguf babu kanwa. Ganda da ƙafar saniya da a da sai dai in hura gawayi tun safe, yanzu a gas nake yi hankali kwance. Shinkafa da taliya kuwa kar ki wahalar da kanki, kafin ki ankara sun caɓe tunda ba damar buɗewa ki duba.

Abin da ban so ba, ƙarar fitar tururin tana firgita yara, hannunta kuma kullum sai na ɗaure kusar. Robar murfin ta fara saki da wuri, tururi na tsiyaya ta gefe, na koma shagon mai shagon ya ce shi ba ya kawo robar daban, haba Alhaji. In roba ta mutu ai ta koma tukunya kamar kowace.

In wake ne kar ki cika ta wuce rabi, kumfa na toshe ƙofar tururin. Kuma don Allah a bari matsin ya sauka kafin a taɓa murfi, ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, don in ya koma ruwa a kan fata duk zafin da ya haɗiye nan yake sauke shi. Kafin ki biya ki tabbatar akwai robar girmanta a kasuwa, ki haɗa da guda biyu.