Jirgin ƙasa zuwa Abuja ko gidan kaka a Zariya?

'Yar'uwa, kin ce yaranki uku, babbar shekararta 6, mai bi mata 3, sai na goye, kuma Baban yara ya samu hutun kwana huɗu a ƙarshen Disamba. Tambayarki ita ce daga Kaduna ku hau jirgin ƙasa ku je Abuja ku kama otal, ko ku tafi Zariya gidan iyayensa. Kin kuma ce hutawa kike nema, to da wannan zan auna miki su biyun.

Zariya kilomita 80 ce ko kusa da haka. Daga Kawo ku bi ta Maraban Jos da Jaji, awa ɗaya da 'yan mintoci in hanya ta yi kyau, kuma motarku ce, in ƙaramin ya ce fitsari sai a tsaya. Layin dogon Abuja da aka buɗe a 2016 kilomita 186 ne daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa tashar Idu a Abuja, tafiyar awa biyu da wani abu. Cikin jirgin babu laifi ko kaɗan: ga taga, ga banɗaki, yaro ya gaji da zama ya miƙe ya taka. Wahalar tana wajen shiga da wajen sauka. Sai kun yi sammako kun ratsa cunkoson Rigasa da akwatuna da goyo, in kun sauka Idu kuma ba ku shiga gari ba tukuna, sai an sake neman mota. Tikiti ta intanet ake saye da lambar NIN, kuma lokacin bukukuwa da wuri yake ƙarewa. Rigunan sanyinsu su zauna a jakar hannunki, don na'urar sanyin jirgin ba ta san ana hunturu ba.

Masauki shi ne zancen. A otal ba ki girki, ba ki shara, ba ki tarbar baƙi, wannan kam hutu ne. Amma ku biyar ne a ɗaki ɗaya. Na goye ya tashi da kuka ƙarfe biyun dare, kowa ya tashi, washegari kowa na ƙunci. Ɗan shekara 3 da ya saba karyawa da koko da ƙosai zai kalli farantin otal ya kau da kai, an kuwa riga an biya. In Abujan kuka zaɓa, gara gidan haya na kwanaki mai kicin da ɗaki biyu, ki tafi da garin kunu da filas, ki kuma ɗauki ƙanwarki ko wata yarinya mai hankali. In ba haka ba, rainon da kike yi a Kaduna shi za ki je ki yi a Abuja, sai dai can da tsada.

Zariya ta fi ta nan, domin akwai masu karɓar yaro. Kaka ta ɗauki jariri, gwaggo ta yi wa ƙaramin wanka, babbar ta bi sa'o'inta ba ki sake ganinta sai yunwa ta koro ta. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, gidan surukai ne. Kunya ba za ta bar ki ki kai hantsi a kwance ba, ga madafa, ga masu zuwa ganin jariri, ga gidajen dangi da za a ce lallai sai an leƙa. Shi kuwa maigida yana idar da sallar la'asar ya nufi majalisar abokai sai bayan isha'i. Ku gama magana tun a Kaduna: ziyara kada ta wuce gida biyu a rana, bayan azahar ke da yara barci, kuma shi zai faɗa wa Hajiya haka da bakinsa, ba ke ba. Ya kuma ware yini guda ya fita da manyan biyu. Ki tafi da gidan sauro, da man shafawa mai nauyi, da maganin zazzaɓi na yara da ORS, sanyin Zariya na Disamba ba wasa ba ne.

Wajen abin kallo Abuja ce gaba: filin Millennium Park inda za su yi ta gudu a ciyawa, tafkin Jabi, da gidan namun dajin yara na Asokoro. Wuri ɗaya a rana ya isa, da safe, a dawo kafin rana ta take. A Zariya akwai ƙofar fadar Sarkin Zazzau da dutsen Kufena, amma ni dai na san awaki da tattabarun tsakar gida za su fi ɗauke wa ƙaramin hankali. Kuɗi kuwa ba a ma haɗa su: mai da tsaraba a nan, tikiti da masauki da abinci da motar haya a can.

Da ni ce, bana Zariya zan je, kwana biyu, bisa wannan sharaɗin, a bar jirgi sai an yaye na goye. Rana ta uku ku dawo, da yamma ku kai su wurin shaƙatawa na Gamji su hau lilo, babbar ta ga gadar Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Ranar ƙarshe kada ku je ko'ina, a yi wanki, yara su koma lokacin barcinsu kafin a koma makaranta.