Ki bar mai shago, ki nemi kamfanin da ya ƙera

'Yar'uwa, tunda mai shagon ya riga ya ce miki kaya in ya fita ba ya dawowa, alhali motar wasan kwana biyu kacal ta yi a hannun yaro ta tsaya, ni dai na ce ki rabu da shi, ki nemi kamfanin da ya ƙera ta.

Irin haka ta taɓa samuna da jirgin ƙasa na wasa mai batir da na saya wa autana. Daren farko har kwana ya yi da shi a gefen filo. Washegari aka kunna, injin na kuka amma taya ba ta juyawa. Yaron ya yi ta tura shi da hannu yana kallona, wallahi abin ya taɓa min zuciya. Da shago suka ƙi karɓa, sai na kifa jirgin, na ga wasu ƙananan lambobi a ƙarƙashinsa. Da su kamfani ke gane rukunin da aka ƙera tare. Na ɗauki hotonsu da na kwali da na rasit, na haɗa da ɗan bidiyon tayar, na tura ta imel ɗin da ke bayan kwalin. Ba su ja ni da gardama ba, sabon kan jirgin suka aiko. Na ɗan jira kam, amma ranar da ya iso yaron ko takalmi bai tsaya cirewa ba. Manyan kamfanoni sun saba da wannan. Kamfanin kayan wasan yara na LEGO ma shafi guda ya ware a intanet don neman ɓangaren da ya karye ko ya ɓace.

Komawa shago kuwa, to, in kina da rasit kuma kika dace da manaja mai kirki, wataƙila a canza miki. Yawanci dai ce miki za a yi ɓarnar yaro ce. Haƙƙinki na nan, takardar da suka liƙa a bango ba ta fi doka ba. Misali, a Tarayyar Turai garantin shekara 2 doka ta ba mai saye. In da kati kika biya, tambayi bankinki ko za su bi miki kuɗin.

Amma duba kwalin da kyau. In babu sunan kamfani, babu adireshi, to wataƙila jabu aka sayar miki, ba wanda za ki rubuta wa. Akwai kuma marasa tsoron Allah da ke karɓar abin da wani ya mayar, su manne bakin kwalin da salatif, su maida shi kanta kamar sabo. Nan gaba ki sa a saka batir a gwada a gabanki, kuma kada ki fita ba rasit.

Yau ɗin nan ki ɗauke motar daga hannun yaron in murfin batir ne ya fashe, musamman in rimot ɗin mai ƙaramin batir ne kamar kwabo. In yaro ya haɗiye shi, cikin awa 2 yana iya ƙona masa maƙoshi. Kada kuma ki sa mata gam kafin ki ɗauki hoto, don za su ce ke kika taɓa ta.